Daga Kaka Sai Jika

Kafin ruwan Tiga ya iso ƙasarmu, da zarar an yanke dawa an kai rumbu, maza watsewa suke yi. Mai allo ya bi malaminsa gabas, mai jaki ya shiga fatauci, wanda kuwa ƙarfinsa ne kaɗai jarinsa ya naɗe gammo ya nufi inda ake neman 'yan dako. Ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam sai su koma na tsofaffi da mata da yara, har ranar da hadari ya fara haɗowa. Ci-rani ke nan. Ba wanda ke ganinsa abin kunya. Dabara ce ta rage wa rumbu baki, a kuma dawo da kuɗin haraji da ɗan turmin atamfa na uwargida.

Kakana na wajen uba, wanda kowa a gidan ke kira Baba Tsoho, cikin masu gammo yake. Shi yamma yake yi, ta Ƙaraye da Rogo, har ya dire a Funtuwa, domin a kakar auduga garin ba ya rasa aikin ƙarfi: ga injin gurza, ga tashar jirgin ƙasa, ga diloli jibge suna jiran wuyan da zai ɗauke su. A can ya ga Mamman Shata ido da ido. Wasa aka yi a fili da dare, manyan 'yan kasuwa da direbobi a kan kujeru a gaba, su kuma 'yan dako can baya a tsaitsaye, inda hasken fitila ba ya kaiwa sosai. Ya ce da kalangu ya juya aka shiga Bakandamiya, bai san sa'ad da ya kwance lalitarsa ba. Sule guda ya miƙa wa maroƙi, sule kuwa a wancan zamani ba ƙaramin gumi ba ne. Maroƙi ya yi shela cewa ga alheri daga 'yan ci-ranin ƙasar Kano. Sai Shata ya waiwayo wajensu, ya yi musu baiti guda cur a tsakiyar waƙar, sannan ya koma kan hanyarsa. Baitin na gida ne, a gida zan bar shi. Da shi dai Baba Tsoho ya dawo a ka, tare da atamfar kakata Iya. Atamfar ta koɗe ta ƙare, baitin yana nan.

Ba sai na gaya wa Bahaushe mece ce Bakandamiya ba. Shata ne ke kirarin kansa, yana auna kansa da sauran mawaƙa, yana faɗin inda ya taka, yana ja wa masu ja da shi kunne; 'yan amshi kuwa, duk inda ya kai ya komo, godiya kawai suke mayar masa. Na daɗe ina tunanin abin da ya haɗa ɗan dako, mutumin da ko gaban mai unguwa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, da waƙar da take cike da bugun ƙirji. Inda na tsaya shi ne, Shata bai gaji kiɗa ba. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba a roƙo, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Da tallan goro da alewa ya fara, da bakinsa kuma ya kai matsayin da sarakuna ke aika masa. Talakan da aka hore shi tun yana ƙarami cewa yabon kai jahilci ne, in ya ji wani talaka ɗan'uwansa ya miƙe a tsakiyar fili ya faɗi ko shi wane ne, ba rawar murya, wani abu yakan faɗa masa a ƙirji. A madadinsu Shata yake faɗi.

Sai ruwa ya zo. A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara jawo shi daga Bagauda zuwa gonar gwaji ta Kadawa, ana tsakiyar aikin Tiga farin 1973 ya afko, ya nuna wa kowa dalilin aikin, a 1974 aka gama madatsar. Katafiloli suka shigo suka baje gonaki, suka tuge ɗorawa da tsamiya da kuka waɗanda da su kowa ke gane iyakarsa, aka haƙa kanal, aka sake auna ƙasa aka mayar wa masu ita, an ɗan rage wa kowa saboda hanyoyin ruwa da na mota. Har ya koma ga Allah, Baba Tsoho bai bar jimamin ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa ba, wadda Iya ke samun kalwar daddawarta ta shekara daga gare ta. Amma shi da bakinsa yake cewa ruwan nan ya tsare masa ɗa a gida. Mahaifina na cikin samarin farko da ba su san ci-rani ba. Rani ya zama lokacin aiki fiye da damina. Malaman gona na cibiyar bincike ta Samaru, waɗanda ke da tasha a nan Kadawa, suka koya musu alkama da tumatir a layi, daga 1976 kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta zama ita ce mai buɗe ruwa da rufewa. Cikin wannan sabuwar duniya aka haife ni.

Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya. Inna, mahaifiyata, ba ta kama sunana, ba ta zuba mini tuwo da hannunta in da idon mutane. Baba kuwa "kai" yake ce mini, in yana magana da wani ya ce "yaron nan". Shi ma ɗan fari ne, haka Baba Tsoho ya yi masa. Zamansu a zaure gaisuwa ce da maganar gona, sai shiru. Duk sakewar da na rasa wajen iyaye, wajen kakanni na same ta ninki biyu. Iya ta ce ni ne mijinta na gaskiya, Baba Tsoho ya ce ni ɓarawon mata ne, in ya kama ni a ɗakin matarsa sai mun je gaban alƙali. Bayan sallar isha'i, in an ci tuwo, sai ya kife akushi a cinya ya dinga ƙwanƙwasa shi da yatsu, ya ce, "Kai ɓarawo, karɓi amshi." Shi ya ja, ni in amsa. Da na goge sai ya juya abin, ya ce ni zan ja. Yaro ɗan shekara bakwai ya miƙe a tsakar ɗaki, cibiya waje, yana cika baki da kalaman Shata, tsoho mai furfura yana mayar masa da godiya, Iya na dariya har tana share ido da bakin mayafi. Da an ji sallamar Baba daga zaure, sai akushi ya koma akushi. Baba Tsoho ya gyara zama ya ɗauki carbi, ni in lallaɓa bayan Iya.

A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, alkamar Kadawa ta yi daraja irin wadda ba ta taɓa yi ba. Masu gidajen burodi da dillalai suka dinga bin manoma har gona. A shekarun nan aka yi wa gidaje da yawa rufin kwano, aka sayi kekuna da babura, aka yi aure-aure. Baba shi rikoda ya sayo daga kasuwar Sabon Gari, National Panasonic mai cin manyan batura, ya kai wa tela ya ɗinka mata riga saboda ƙura. Kaset ɗin da ya haɗo da su na karatun Alƙur'ani ne, da na Musa Ɗanƙwairo, da na Shata. Bai ce don wa ya sayo na ukun ba. Ya dai ajiye rikodar a zaure kusa da buzun mahaifinsa, ya danna, ya koma gefe ya zauna.

Baba Tsoho ya saurara tun daga farko har kaset ya kai ƙarshe, kansa a sunkuye, yatsansa na bugun gwiwa. Da aka gama ya ɗago ya ce, "An yanke."

Baba ya ce, "Haka aka sayar mini da ita, Baba."

"To, an cuce ka. Namu babu a ciki."

Baba bai yi musu ba. Da ya sake shiga birni ya sayo wani kaset ɗin daga wani shagon. Wannan Bakandamiyar ta fi ta farko tsawo, akwai baitocin da babu a waccan, jerin ma ya bambanta, amma na 'yan ci-rani babu. Wadda Rediyon Kaduna ke sakawa ita ma daban. Shekara da shekaru, duk wanda zai yi tafiya daga gidanmu, Zariya ko Jos ko Legas da lodin tumatir, in ya ga mai kaset sai ya tambaya, ya sayo, a zauna a zaure a saurara, Baba Tsoho ya girgiza kai. Maƙwabta suka fara tsokanarsa cewa mafarki ya yi a Funtuwa. Bai taɓa fushi ba, sai dai ya ce, "Da kunnena na ji, da sulena na saya."

Gonarmu tana can ƙarshen layi, inda ruwa ba ya isowa sai na gaba sun ƙoshi. Da rana sai dai ka tsaya kana kallon busasshiyar hanya, don haka mu da dare muke ban-ruwa. Alkama kuwa sanyi take so, a tsakiyar hunturu take shan ruwanta, cikin Disamba da Janairu, lokacin da iska ke tsaga leɓe da diddige. Ina ajin ƙarshe na firamare Baba ya fara tafiya da ni. Ƙofar ɗakin Iya zai tsaya ya yi gyaran murya, ya ce, "Iya, yaron nan ya tashi?" Ni ke ɗaukar bututai da tocila, shi fartanya a kafaɗa, rikoda a rataye.

Aikin bututun nan yana da dabara. Na roba ne, a lanƙwashe. Sai ka nutsa shi gaba ɗaya cikin ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo shi ka haye da shi tudu, sannan ka saki. In ka yi daidai, ruwa zai bi ta cikinsa ya tsallake tudun ya zubo fangali da kansa. In iska ta shiga, sai ka sake tsoma hannu cikin ruwan sanyin nan har gwiwar hannu. Baba bai koya mini da baki ba. A gabana ya yi a hankali, inda hasken tocila ke faɗawa, ya wuce gaba. Maganarmu ta dare guda ba ta wuce "buɗe can", "toshe", "ya isa". In ruwa ya kama hanya, aiki ya koma na jira, sai ya shimfiɗa buhun taki a kan tudu, ya ɗora rikoda, ya danna. Batir na da tsada, waƙa ɗaya ake ji, kuma kullum ita ce.

Yana can ƙarshen fangali da fartanya, ina nan wajen bututai, duhu tsakaninmu. Da kalangu ya shiga sai in jiyo shi ƙasa-ƙasa yana amshi. Amshi kawai. Ni kuma, duk da baitocin suna kaina tsaf, bakina ba zai buɗu in yi kirari a gaban mahaifina ba, ko da kirarin aro ne. Sai ni ma in tsaya ga amshi. Shata na faɗi, mu biyu muna amsawa, shi daga can, ni daga nan. In kaset ya kawo daidai gurbin da Baba Tsoho ke saka baitinsa, sai in ji fartanya ta tsaya. Ba tare da ya juyo ba, Baba ya ce, "A nan ne."

In ce, "A nan ne, Baba."

Fartanya ta ci gaba.

Yanzu ina jin masu ilimin zamani na cewa kunyar ɗan fari rashin nuna ƙauna ce, al'ada ce da ya kamata a yar. Ban ce ba ta da nauyi ba. Akwai tambayoyin da na so in yi wa mahaifina ina yaro, waɗanda har yau suna cikina. Amma mai cewa babu ƙauna a cikinta bai kwana a bakin kanal ba. Mutumin da ke tattalin batir har ya cire shi daga rikoda ya shanya a rana don ya ƙara kwana, shi ne yake ƙona shi da tsakar dare a kan waƙar da ya san ɗansa na so, don kada sanyi da barci su ci yaron. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa nuna na gane ba.

A cikin gida mata na da nasu. Inna da Goggo mutanen Barmani Choge ne. In ana biki aka kife ƙwarya a ruwa, ba ruwansu da kalangu. Duk da haka Bakandamiya ta tsallaka zaure ta shiga turmi, domin lugude ya dace da amshinta, kuma Goggo, autar Baba Tsoho, wadda ba kunya tsakaninsu, ta kwashe waƙar duka ta tafi da ita gidan aurenta a Bunkure. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito aka ce na sami shiga jami'a, mata suka cika gidan da guɗa, Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, kamar ba ɗanta ake magana ba. Da yamma, gida ya watse, ina wucewa ta bayan madafa na ji taɓarya na sauka, Inna ita kaɗai tana maimaita amshin nan na godiya, tana sakewa, tana sakewa.

Ƙanena da ke bi na ya yi karatu wajen malaman da ke ganin kiɗa bai halatta ba, ya kuma riƙe abin da gaske. Tun yana saurayi, in an kunna rikoda sai ya tashi ya ba da wuri, ba faɗa, ba gori. Baba bai taɓa ce masa don me ba; ya dai daina kunnawa in yana zaure. Na san gidajen da irin wannan ta raba wa da ƙane, har aka ja katanga. Namu Allah ya tsare, kuma ina ganin haƙurin su biyun ne.

A Jami'ar Bayero na tarar ashe abin da muke yi a kan akushi ilimi ne da ake ba da digiri a kansa. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya taɓa shugabantar jami'ar, a kan Shata ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975; Jami'ar Ahmadu Bello kuma a 1988 ta ba Shata kansa digirin girmamawa na dakta. Abin da manazarta suka nuna shi ne abin da Baba Tsoho ya gani a tsaye a Funtuwa: Shata ba ya rubuta waƙa ya hardace, a fili yake ƙera ta, gwargwadon wanda ke gabansa da abin da ya faru a daren. Shi ya sa ba za ka sami Bakandamiya biyu da suka zo daidai ba. Abin da ke cikin faifai da kaset shi ne ɗan abin da ya faɗa ranar da aka kafa masa na'ura. Sauran, wanda ya yi wa direbobi a tasha da 'yan koli da 'yan dako a filayen Funtuwa da Bakori da Kano, iska ta ɗauke, sai wanda wani ya riƙe a ka. Wannan yana ci mini rai. Masu kuɗi da masu sarauta sunayensu na nan a faifai har gobe. Na baya-bayan fili, in jikokinsu ba su riƙe ba, shi ke nan. Da na dawo hutu na yi wa Baba Tsoho wannan bayani ina ɗoki, ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, da ma sai da Bature ya sa hannu za ka yarda da ni, ɓarawo?"

A watan Yuni na 1999 rediyo ya faɗi rasuwar Shata a Kano, aka kai shi Daura aka rufe. Damina ta fara, muna shirin shinkafa. Baba Tsoho ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Mai shaidata ya tafi." Shi ma bai daɗe sosai ba bayan nan. Jinyarsa ta ƙarshe ƙanena ne ya yi ta, shi ke juya shi, shi ke yi masa alwala. Ya gaya mini daga baya cewa in dare ya yi, tsakanin tasbihi da tasbihi, tsohon yakan karanto baitin nan da baki, ba akushi ba tafi, shi kuma ya zauna ya saurara.

Kadawa ta sauya kamanni sau da yawa tun bayan zamanin alkama. Da aka ɗage haramcin shigo da alkama farashinta ya faɗi, mutane suka karkata ga tumatir da albasa da masara da rani, shinkafa da damina, har Kura ta cika da injinan casa. A Kwanar Gafan manyan motoci ke layi suna lodin kwanduna zuwa Kudu, in kaya ya yi yawa kuma kwando ya rasa mai taya shi, mata su yanka su shanya kauɗa, gefen titin Zariya ya yi ja wur. Kacala ta cinye hanyoyin ruwa, sauro ya zauna rani da damina, yaran da ke wanka a kanal suka san tsargiya. Rikodar Baba ta mutu, kaset ya zama tarihi, waƙa ta koma memori, daga nan ta shige waya. Ni aiki ya zaunar da ni birni. Allah ya ba ni 'ya mace a farko. Na ɗauka boko ya wanke ni daga kunyar ɗan fari, ga shi ina kiran sunanta, ina duba littattafanta na makaranta. Amma in rera waƙa a gabanta, wannan bakina ya ƙi. In na kunna Bakandamiya a mota tana ciki, amshi nake yi, ƙasa-ƙasa.

A 2016 masana'antar tumatir ta Ɗangote ta buɗe a Kadawa, manoma na murna za a daina zubar da kaya, sai ga tsutsar nan da suka sa wa suna Sharon. Cikin 'yan kwanaki gona kore shar ta bushe ƙurmus, magani bai yi mata komai ba. Masana'antar kanta sai da ta tsaya don rashin tumatir, a birni kuwa 'ya'ya uku-huɗu suka gagari talaka. Gonar Baba ba ta tsira ba. Mutumin da ban taɓa gani a gida da hantsi ba ya koma zaman tsakar gida, ba abin yi. A hutun makaranta na kai yara.

Wata rana na dawo daga sallar la'asar, na sa ƙafa a zaure ke nan zan yi sallama, sai na ji ana ƙwanƙwasa tasa. Wata murya ce ke ja, cikakkiya, mai kauri, tana hawa tana sauka inda ya kamata, muryar da ban taɓa sanin mahaifina na da ita ba. 'Yata na amshi tana ƙyalƙyala dariya.

"A'a, uwargida, ba haka ake shiga ba. Ki bari in dire tukuna."

"To ai kai ne kake jan abin da yawa, angon ƙarya."

"Ni ne angon ƙarya? To, karɓi wannan."

Sai ya shiga baitin 'yan ci-rani, tun daga kansa har gindinsa, da 'yar tsayawar nan da Baba Tsoho ke yi a tsakiya. Ba a kaset ya same shi ba, kuma na tabbata mahaifinsa bai zaunar da shi ya koya masa ba. Ashe duk daren da ake koya mini a ɗakin Iya, akwai mai tsayuwa a zaure, yana jinkirta sallamarsa har a kai ƙarshe. A gidanmu waƙar nan tafiyar ruwan bututu take yi: daga kaka ta tsallake tudu ta zuba a jika, uban da ke tsakiya kuwa ya jiƙe ba tare da kowa ya gani ba. Na haɗiye sallamata, na koma waje na zauna a dakali sai da tasa ta yi shiru.

Yanzu gidan ya bazu. Akwai na Kano, akwai na Kaduna da Abuja, akwai ɗan Goggo da ke tuƙin tirela zuwa Legas. Abin da ya tara mu shi ne zauren iyali na WhatsApp, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da ranar da za a buɗe ruwa. Yaran sun tone YouTube kaf, sun tattaro duk Bakandamiyar da suka samu, babu wadda ke da namu. Kwanakin baya 'yata, wadda yanzu take jami'a, ta ce tunda babu shi a ko'ina, ita za ta ajiye shi. Ta naɗi muryarta ta tura.

Ba a yi awa guda ba Goggo ta aiko saƙon murya daga Bunkure, cewa yarinya ta yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka, amma akwai kalma guda a layi na uku da ba haka Baba Tsoho ke faɗinta ba. Aka kai wa Baba waya ya saurara, ya ce uwargidansa ba ta yi kuskure ba, yadda ya ba ta haka ta faɗa, Goggo ce tsufa ya fara taɓawa. Goggo ta ce ita a cinyar mai baitin ta koya, ba daga zaure ba. Gida ya rabu biyu, 'ya'yan Goggo na bayan uwarsu, mu muna bayan Baba, masu tura dariya na turawa. Sai ga rubutu daga ƙanena, wanda bai taɓa sa baki a maganar waƙa ba tun da aka buɗe zauren. Ya ce shi ba zai rera ba, amma amana ce, ya ji daga bakin marigayi a darensa na ƙarshe-ƙarshe: Goggo ce da gaskiya. Ya rubuta kalmar.

Aka karanta wa Baba. Ya ce, "In shi ya faɗa, haka ne. A gaya wa uwargida ta sake."

Ta sake ta turo. Goggo ta ce kalma ta zauna, saura sauri, yarinyar tana gudu kamar ana korar ta, kuma wannan ba a gyara shi ta waya. An bar maganar sai Babbar Sallah, in kowa ya zo gida. Ta ce a nemo mata akushi na itace, ita ba za ta koyar a kan tasa ba.